Batirin ya shiga daidai, amma tocilar ta ƙone

Jiya da magariba muna rufe shago ka yi mini tambaya, na ce ka bari sai da safe don na ga ranka a ɓace yake. Cewa ka yi: "Maigida, batirin nan ya shiga ramin cif-cif, murfi ya rufu, ta kawo haske kamar rana. To me ya ƙona tocilar maigadin?" Jawo benci ka zauna, ka miƙo mini mita da baturan nan biyu.

Riƙe su a tafin hannunka. Tsayinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Wannan shi ne ɗan yatsa da kowa ya sani, AA. Ɗora mita: bolt 1.5. Wannan shuɗin da ka ciro daga akwatina ka sa wa mutumin, karanta jikinsa. An rubuta 14500, an rubuta 3.7V. Lambar ma girmansa take faɗa, kauri milimita 14, tsayi milimita 50, wato girman ɗan yatsa sak. Amma na litiyom ne, kuma idan ya cika da caji 4.2 yake nunawa. Ka ɗura wa tocilar wuta kusan ninki uku na abin da aka yi ta dominsa. Kama da wane ba ta wane. Hasken da ya burge ka, har ka kira ni in gani, kukan ƙwan ne. Da ka lura da kyau da ka ga farin ya fara komawa shuɗi-shuɗi kafin ya dusashe.

Sai ka fahimci abin da ƙwan yake so kafin ka san abin da za ka ba shi. Lokacin da nake kamar kai, tocila ƙarfe ce mai cin manyan batura biyu, irin Tiger na rediyo, da ƙwai mai zare a ciki. Batir ya yi sanyi, haske ya yi ja, shi ke nan. Ƙwan yanzu, LED, halinsa daban. Farin yana son bolt 3 ko ɗan sama da haka. Ƙasa da wannan ba zai kama ba. Sama da wannan kaɗan kuma sai ya buɗe baki ya yi ta zuƙar wuta ba ƙoshi, ya yi zafi, ya mutu. Bai san ya isa ba. Dole wani abu ya tsaya tsakaninsa da batir ya riƙa auna masa.

A tocila mai cin ɗan yatsa ɗaya, kamar ta maigadi, akwai ɗan fanel a bayan ƙwan wanda aikinsa ɗaga 1.5 ya kai 3. Ɗagawa kawai ya iya, bai iya saukewa ba. Da ka ba shi 4.2 sai wutar ta bi ta cikinsa ta wuce kai tsaye. Akwai masu ɗan yatsa ɗaya da aka yi su don su ci duka biyun, za ka ga an rubuta AA/14500 a jiki ko a kwali. In ba ka ga rubutun ba, ɗauka ba ta ci.

Yanzu ɗauko waccan baƙar mai zuƙowa, wadda ake ja kanta haske ya tsuke. Ita ce ta fi rikita yara, kuma ita muka fi sayarwa. Buɗe gindinta. Ka ga kwandon roba mai cin ƙananan batura uku, AAA, na rimot? Kai da gindi aka jera su, 1.5 sau uku, 4.5 ke nan. Za ka ce to ai ya wuce 4.2, me ya hana ta ƙonewa? Ƙananan baturan nan ba su da ƙarfin gwiwa. Da ƙwai ya fara ja sai su durƙusa, wutar ta sauko. Mai ƙera ta ya san da haka, shi ya sa a wasu ba za ka tarar da komai a ciki ba sai rizisto ɗaya mai rage wuta, raunin batirin ne ya zame masa mai gadi. Cire kwandon ka sa 18650 guda ɗaya, wato batirin litiyom da ya fi ɗan yatsa girma, da hannun rigarsa na roba don kada ya yi ta girgiza, za ta yi aiki lafiya, don 4.2 da 3.7 duk suna cikin abin da take ɗauka. Ni kuwa duk wanda zai yi amfani da ita kullum, ɗan sintiri ko mai shayi, 18650 nake ba shi shawara. Guda ɗaya mai kyau ya fi ukun nan riƙe wuta fiye da ninki biyu, kuma cajinsa ake yi, ba a saya a yar.

Na ce mai kyau, kuma a nan ake cin kasuwar mutane. Na gaske, abin da za ka samu yawanci bai wuce wajen 3500mAh ba, wato ma'aunin wutar da yake riƙewa. Duk wanda ka ga an rubuta masa 8800 ko 9900, da harshen wuta a jiki, ƙarya ce tsagwaronta. Ɗora shi a sikeli. Na kirki yana kai giram 45 ko sama kaɗan, na bogi kuwa za ka ji shi sakayau a hannu. Na fi yarda da tsohon da muka ciro daga batirin laftof a kan sabon mai ƙaton rubutu. Amma na laftof ma sai an tantance: wanda mita ta nuna ƙasa da bolt 2, ajiye shi gefe, kada ka ce za ka tashe shi. Sauran ka yi musu caji kana taɓawa, wanda ya ɗau zafi ka fitar. Ka bar su mako guda ka sake aunawa, wanda ya zube da kansa shi ma ba na sayarwa ba ne.

Ka duba rigarsa kuma. Gwangwanin nan gaba ɗayansa mainos ne, fulos ɗan tsakiyar kai ne kawai. Leda ta yage a wuya, ƙarfen tocila ko makulli a aljihu ya haɗa su, sai wuta. Na taɓa ganin aljihun riga ya ci saboda haka, mutumin ya zuba batir tare da makullan babur. Kada ka bar batir mai yagaggiyar riga ya fita daga shagon nan.

Wani abin da zai kawo maka mutane suna cewa tocila ta lalace alhali lafiyarta ƙalau: kan batirin. Na laftof kansa a shafe yake, wasu tocilolin kuma sai mai ɗan tsini suke taɓawa. Masu fanel ɗin kariya a gindi sun fi tsayi da 'yan milimita, murfi ya ƙi rufuwa. Mutanenmu sai su cusa takardar sigari mai ƙyalli ko su naɗe waya. Kada ka yi. Ɗiga dalma kaɗan a wurin taɓawar da ke cikin tocilar, ko ka ɗan ja sifirin. Kuma ka duba fulos da mainos sau biyu kafin ka rufe, don mai araha ba ta yafe juyi.

Masu caji na bolt 1.2, da ake rubuta wa NiMH, ba su da rigima. Duk inda ɗan yatsa ya shiga suna shiga, haske ya ɗan ragu da farko amma ya daɗe a tsaye. Sai dai cajarsu daban, ta litiyom daban.

Ga kuma wadda ta fi kowacce yawa a gidaje, 'yar Chana ta roba mai ƙafa biyu da ake turowa a soka a soket. Miƙo waccan jar. Ka ga ɗan baƙin akwatin nan? Ba litiyom ba ne, ƙanin batirin mota ne, na dalma da ruwan batir, bolt 4. Cajar kuma dubi abin da take: kafasito ɗaya, dayod, rizisto, a kan wutar NEPA 230 kai tsaye. Babu taransifoma, babu abin da zai yanke in ya cika. Shi ya sa nake hana ka taɓa cikinta tana soke, kuma ko ka zare sai ka sauke wutar da kafasiton ya riƙe tukuna, in ba haka ba ya ja ka.

Abu biyu ke kashe batirin nan. A bar shi a soket kwana da kwanaki har ruwansa ya ƙafe, ko a bar shi ba caji wata da watanni. Da yadda wuta take a garin nan, duka biyun suna samunsa a gida ɗaya. In ya mutu kuma, shi ne dama yake danne wutar da ke fitowa daga kafasito. Sai uwar gida ta soka, ta kunna don ta ga ko tana yi, ƙwayayen su ƙone gaba ɗaya a lokaci guda. In an kawo maka irin wannan duk ƙwai sun mutu, kada ka canza ƙwai kawai, batirin ne asalin ciwon.

Na san abin da ke ranka, don na ga yaran layin baya suna yi: a cire baƙin akwatin a sa 18650, tunda 4 da 3.7 'yan uwa ne. Wajen haske haka ne. Wajen caji kuwa ganganci ne. Batirin dalma in caji ya yi masa yawa ƙafewa yake yi. Litiyom in ya wuce 4.2 kumbura yake yi, ya kama da wuta, kuma tocilar nan a ɗaki take kwana kusa da katifa da gidan sauro, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. In za ka yi wannan aikin, cire tsohuwar cajar dungurungum, har ƙafafun soket ɗin, ka sa ɗan fanel TP4056 mai kariya, a riƙa caji da cajar waya mai bolt 5. Shi yana tsayawa a 4.2 da kansa. Wanda ya ce kuɗin fanel ya yi masa yawa, mayar masa da irin batirinsa na da, ka sallame shi.

Na yau da kullum kuma ka riƙa karanta harafin. R6, ɗan yatsa, da R20, babba, su ne masu araha na zinki da gawayi, LR6 da LR20 alkalin ne, sun fi daɗewa a tocila mai ja da yawa. Kada a gauraya su, kada a haɗa sabo da tsoho. Wanda ya riga ƙarewa, sauran za su tura masa wuta ta baya, ya yi amai ya cinye sifirin. Farin garin da alkalin ke fitarwa, ruwan lemun tsami a auduga yana ɗauke shi, sannan ka goge ka busar. Masu shanya batir a rana ko su cije shi don ya ƙara kwana ɗaya, ka bar su da halinsu, amma ka gaya musu kada su kuskura su gwada da litiyom.

Tocilar maigadin, kwance kanta ka auna fanel ɗin. Ina zaton ƙwan ne kawai ya tafi, akwai irinsa a gwangwanin da ke ƙarƙashin teburi. In fanel ɗin ma ya tafi, ba shi sabuwa daga cikin kwali, a rubuta a kaina, ni na bar shuɗin batirin a inda hannunka zai kai. Ka sa masa alkalin guda, ka ba shi haƙuri, ka gama kafin la'asar don da ita zai kwana a bakin aiki.