Amare biyu sun iso min lokaci ɗaya, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina da shagon kitso da lalle a Agege, ni da ƙanwata da wata yarinya muke aiki. Asabar ɗin da ta wuce amare biyu suka iso ƙarfe goma, kowacce tace ita aka ba lokacin. Ɗaya ni na amsa mata a WhatsApp, ɗayar ƙanwata ce ta amsa mata a waya bata gaya min ba. Ƙarshe ɗaya tayi fushi ta tafi, sai da na mayar mata da dubu goman da ta bayar. Kuma ba yau aka fara ba. In sayi manhajar nan ta kama lokaci da ake biya duk wata ne ko yaya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a nema. Abin ya taɓa ni wallahi, don amarya in ta fita shago da fushi ba ita kaɗai kika rasa ba, ƙawayenta da ƙannenta da duk wanda zai ga hannunta a wajen biki ya tambaya wa yayi mata, duk sun bi ta.

Kar ki kashe kuɗi a manhaja tukunna. Kinga shagonki ƙofa uku gare shi da ake shigowa a kama lokaci, akwai wayarki, akwai wayar ƙanwarki, ga kuma wadda zata tare ki a hanya ko a gidan suna tace Hajiya ina nan zuwa ran Asabar kice toh Allah ya kaimu, ki wuce ki manta. Ko wace irin manhaja kika saya in dai ƙofofin nan uku suna buɗe gobe ma sai an yi karo.

Ki sayi babban littafi mai kauri guda ɗaya, ya zauna a kan tebur kada ya bar shago. Kowace rana shafinta daban. Ki ja layi ki raba shafin gida uku, gidanki, na ƙanwarki, na yarinyar, a gefe kuma ki jera awowi daga takwas na safe har lokacin tashi. Sannan ki kafa doka, kuma ke zaki fara binta: babu mai cewa kwastoma "shikenan ki zo" sai ta buɗe littafin ta rubuta. In an kira ƙanwarki tana kasuwa tace bari in koma shago in duba zan kira ki. Lambar shago ma ta zama ɗaya, ki sa mata WhatsApp Business, kyauta ne, akwai wajen sa wa kowace hira alama, sai ki ware waɗanda suka biya da waɗanda suke tambaya kawai.

Inda nafi so ki tsaya ki duba shi ne tsawon aiki, don anan mafi yawan masu shago suke faɗawa. Ana rubuta "Amarya, ƙarfe 10" a tsaya nan, kamar a minti goma za'a gama. Lallen amarya hannu da ƙafa in zanen ya cika sai yaci awa uku ko huɗu, bayan nan ga jiran bushewa, tana zaune ta baza yatsu a gaban fanka ko wayarta bata iya ɗauka sai ƙawa ta kara mata a kunne, kujerar nan kuwa babu mai hawanta. Toh ki rubuta 10 zuwa 2, ki ja biro ki toshe awowin gaba ɗaya yadda duk wanda ya buɗe zai ga babu wuri. Sati biyu masu zuwa ki dinga duba agogo, shuku nawa yake ci, ƙananan kitso nawa, wankin kai da busarwa nawa, ki rubuta a bangon littafin. Zaki sha mamaki, abin da kike cewa awa ɗaya sau da yawa awa ɗaya da rabi ne.

Kayan aiki ma suna karo ba mutane kaɗai ba. In draya ɗaya gare ki kar ki sa masu wankin kai biyu lokaci guda ko da ma'aikata biyu suna zaune babu aiki, balle in an ɗauke wuta ƙaramin janareta ne zai ja.

Sai kuma Legas da halinta. Wadda zata taso daga Idi-Araba ko Mile 12 ta zo Agege, ko da niyyarta mai kyau ce gosulo zai iya cinye mata awa guda, in ruwa ya sauka kuma sai addu'a. Ki bar minti 30 fili tsakanin manyan ayyuka, kuma ki faɗa wa kowa tun ranar kama lokaci cewa in ta wuce minti 30 bata kira ba za'a ɗauki ta bayanta, ita sai ta jira. Ki faɗa da fara'a amma ki faɗa. Ranar Juma'a ki toshe lokacin masallaci, don yawanci masu kawo kwastomomin mazajensu ne ko 'yan uwa.

Kafin alƙalami kuwa dole ne ga amare da duk aikin da ya haura awa biyu. Ni ina ganin kashi 30 cikin 100 yayi. Ta tura ta OPay ko Moniepoint ko bankinki, sai kinga alat da idonki sannan suna ya shiga littafi da biro, wadda bata biya ba da fensir, kuma ta sani fensir ana gogewa. Da kin rubuta ki tura mata saƙo: ranar kaza, ƙarfe kaza zuwa kaza, lalle hannu da ƙafa, an karɓi kaza saura kaza. Ana gobe ki sake tuna mata. Da kina da irin wannan saƙon ran Asabar da babu musu, kowacce sai ta buɗe wayarta.

Masu faɗowa babu sanarwa kar ki kore su, su ne cinikin yau da gobe, ki bar yarinyar nan ba tare da an cika mata gidanta na cikin littafin ba ranar Asabar da satin Sallah don ta dinga ɗaukarsu. Amma ke da hannunki amarya ɗaya da safe ɗaya da yamma, kar kwaɗayin kuɗi ya sa ki ƙara ta uku.

In littafin ya zauna wata biyu kowa ya saba, sai ki kwafe tsarin a Google Calendar, shima kyauta ne, ku ukun kuna gani a wayoyinku ko kuna gida. Manhajar da ake biya sai ranar da kika buɗe shago na biyu.

Ita kuma amaryar da ta tafi, ki kira ta da bakinki kar ki tura saƙo, ki bata haƙuri kar ki ɗora wa ƙanwarki laifi a gabanta, kice in ta huta daga hidimar biki ta zo kiyi mata kitso kyauta, ki rubuta sunanta da biro.