Zauren Tambaya da Amsa: Ina Kulob-kulob ɗin Makarantun Sakandare Suka Shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi makarantar kwana a shekarun 1970. A lokacinmu babu yaron da ba shi da kulob, ko na muhawara, ko na wasan kwaikwayo, ko na manoman gobe. Jikana yana aji biyar a wata makarantar jeka-ka-dawo, na tambaye shi nasa kulob ɗin, ya ce suna ne kawai a rubuce a bango. Lalacin yaran zamani ne? Me mu tsofaffin ɗalibai za mu iya yi? Daga wani dattijo a Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam. Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yi wa jikan nan uzuri. Ku tuna yadda yininku yake: a tashi aji, a ci abinci, a huta, daga la'asar zuwa magariba yaro yana nan cikin makaranta, malaminsa kuma yana gidan malamai, taku kaɗan ne tsakani. A wannan tazara kulob ya rayu. Dubi Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949, ta karɓi sunan Barewa a 1971. Ɗalibanta a rarrabe suke gida-gida, irin su Nagwamatse da Ɗan Hausa da Bello Kagara, kowane gida kuma ba ya so a ce an fi shi. Wannan kishi na gidaje shi ke hura wutar gasa. Jikanku kuwa, ana tashi wajen ƙarfe biyu sai neman keke zuwa gida, ƙarfe huɗu yana Islamiyya, Asabar yana lesin saboda WAEC da NECO da JAMB. Wane lokaci ya rage masa?

Ku lura da waɗanda ba su mutu ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, da aka kafa a Legas a 1954, da ta ɗalibai Kirista ta FCS, da ta fara a Gindiri a 1957, har gobe suna nan a makarantu. Dalili, suna da manya a waje da ke bibiya, suna da ranar zama da ba ta sauyawa, kuma kowace shekara ana miƙa ragama ga na baya. Wannan za ku kwaikwaya.

Ku fara da ganin firinsifal, ku roƙi a saka kulob cikin jadawalin darussa, misali darasi biyu na ƙarshe ranar Laraba, kusan minti 80. Duk abin da aka ajiye sai bayan tashi, ba ya kai mako uku. Kada ku buɗe fiye da kulob uku a shekarar farko. Kowanne ya samu malami ɗaya a matsayin uban ƙungiya, ku riƙa ba shi ɗan abin zuba mai kowane zango da sanin hukumar makaranta. Ku sayi kofi guda a riƙa gasa tsakanin azuzuwa. Kuɗin da za a kashe a bikin ƙaddamarwa, da rumfa da kujerun haya, ya isa ya riƙe kulob shekara guda, don haka a bar bikin. Zariya kuma ba ta rasa inda za a kai yara su buɗe ido: ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga kwalejin horar da matuƙa jirgin sama. Abin da ake buƙata shi ne wasiƙa ɗaya daga makaranta, da motar da ku za ku biya.

Tambaya: Ni ɗaliba ce 'yar aji huɗu. Muna so mu kafa kulob ɗin muhawara, amma duk lokacin da muka taru sai a ƙare da hayaniya. Daga wata ɗaliba a Samaru.

Amsa: 'Yata, hayaniya tana zuwa ne idan babu agogo kuma babu alƙali. Ku nemi malama ɗaya ta tsaya muku, ku rubuta wa firinsifal takardar neman izini da sunayen mutum 15 zuwa 20. Ku zaɓi shugaba, da sakatariya, da mai riƙe lokaci. Mako guda kafin zama a manna maudu'i a allon sanarwa, a jefa ƙuri'a kan wa zai goyi baya, wa zai yi suka, don kowa ya koyi kare abin da ba ra'ayinsa ba. Kowane ɓangare mutum uku: ta farko minti biyar, sauran biyun minti uku-uku, sai ta farko ta dawo da minti biyu ta warware hujjojin abokan karawa. Idan saura minti ɗaya a buga tebur sau ɗaya, idan lokaci ya cika sau biyu, a zauna ko da magana na baki. Alƙalai uku, kowa da takardarsa: hujja maki 40, martani 30, harshe 20, natsuwa 10.

Ku riƙa yin mako ɗaya da Hausa, mako ɗaya da Turanci. Akwai yarinyar da ke da kaifin hankali amma tsoron a yi mata dariya ya ɗaure mata baki, da Hausa za ta fara sakewa. Ku bar maudu'in addini da ƙabila da jam'iyya. Ga irin naku: makarantar kwana ko jeka-ka-dawo, a bar ɗalibai su riƙe waya ko a hana. Kuma tun zango na biyu ku fara horar da 'yan aji uku, domin kulob da yawa suna rushewa ne ranar da shugabanninsu suka gama jarrabawar fita.

Tambaya: Ni ne ke kula da kulob ɗin manoman gobe. Shekara uku ke nan masararmu ba ta yin abin kirki. Daga wani malami a Sabon Gari.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Duba ranar da kuke shuka. Idan aka kai ƙarshen Yuni, noma na biyu da zuba takin yuriya suna faɗawa cikin jarrabawa da dogon hutu, a dawo a Satumba a tarar da ciyawa ta kai ƙugu. Ku shuka da zarar damina ta zauna, a farkon Yuni. Fili mita 20 tsawo, 20 faɗi ya wadatar. Iri bai kai kilo ɗaya ba, ku nemi ingantacce cikin jerin SAMMAZ na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin shuka da shuka 25. Bayan kwana 10 zuwa 14 a sa takin NPK 15:15:15 kimanin kilo 16, a tona ɗan rami gefen shuka a rufe. A mako na biyar a sa yuriya kilo biyar, ita ma a binne, don idan aka watsa ta a sarari ƙarfinta yana bin iska. Kowane mako yara su leƙa zuciyar masara, idan suka ga ganye ya huje da wani abu kamar dusa, tsutsar nan ce mai cin masara da ta shigo ƙasar nan a 2016, a nemi malamin gona da wuri. Kafin hutu a gyara shinge saboda awaki, a raba wa yaran unguwa ranakun leƙawa, a kuma yi wa maigadi alkawarin kasonsa. In akwai rijiya, zangon farko ku yi alayyahu, cikin mako huɗu yara sun ga kuɗin guminsu.

Tambaya: 'Yata tana makarantar kwana, ta ce wata siniya ta ɗauke ta 'yar ɗaki. In hana? Daga wata uwa a Kofar Doka.

Amsa: Hajiya, al'ada ce tsohuwa, kuma uwar ɗaki ta kirki tana kare yarinya daga cin zali, ta nuna mata karatu. Ranar ziyara ki ce a kira miki ita ku gaisa, ki san sunanta da ajinta. Sannan ki tambayi 'yarki a keɓe: wa ke riƙe makullin akwatinta, wa ke cin garinta da madararta, wanki da ɗiban ruwan mutum nawa take yi? Idan kayan wata guda suna ƙarewa cikin mako ɗaya, ko makinta ya faɗi, ko ta daina sakewa da ke, ki je wurin malamar da ke kula da ɗakin kwanansu a ranar, ki nemi a raba su ba tare da an kira sunan 'yarki a gaban ɗalibai ba.