Tayil ya ɗaga, mai aiki ya daina ɗaukar waya

Malam, ka ce wata biyu da sa tayil a falonka ya fara ɗagawa. Ɗauki mabuɗi ka ƙwanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ƙara kamar ƙwarya, yawanci siminti ne bai cika ƙarƙashinsa ba. Wannan laifin hannu ne, ba na tayil ba, kuma abin da ciwo.

Yi musu alama, ɗauki bidiyo, in da ragowar kuɗin mai aikin ka riƙe. Fara da maigidansa ko wanda ya haɗa ku. In kamfani ne ya ƙi, dokar kare masu saye ta Najeriya ta 2018 ta ba ka haƙƙin gyara ko mayar da wani kaso na kuɗinka. Kai ƙorafi FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, da rasit ɗinka.