Amsa ga mai tambayar jitar bas: kuɗin zai fi amfani a ina?

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Wannan amsa ce ga ƙanenmu da ya ce ya tara 'yan kuɗi, yana so ya sayi jitar bas mai tsirkiya biyar, irin mai batir, kuma ya nemi a faɗa masa kurakuran da masu koyo suka fi yi.

Ƙanena, idan ka zauna da waɗanda suka daɗe a wannan sana'a, za ka ji yawancinsu suna faɗin abu ɗaya, wato sun zuba duk kuɗinsu a kan jita, sannan suka dawo gida ba su da amfilifaya mai kyau, ba su da wayar jona jita mai ƙwari, ba su kuma bar ko sisin da za su biya mai gyara ya daidaita musu kayan ba. Shawarata ita ce ka fara da mai tsirkiya huɗu, masu sautin E, A, D da G, marar batir. Tun 1951 da Leo Fender ya fito da Precision Bass a Amurka wannan tsarin ke aiki, kuma James Jamerson, wanda kiɗansa ya cika faya-fayen kamfanin Motown, da irinta ya yi suna, yana bugawa galibi da yatsa ɗaya. Jita ƙirar Squier ko Yamaha ko Ibanez ko Cort mai matsakaicin farashi ta ishe ka shekaru. Tsirkiya ta biyar, wato B, sautinta yana sauka zuwa kusan haz 31 (haz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramar lamba ta fi kauri), alhali E tana kusan 41, kuma ƙaramar amfilifayar ɗaki ba ta iya fitar da shi. Abin da za ka ji gurnani ne kawai. Ga shi kuma ta ƙara maka tsirkiyar da za ka riƙa danne wa baki. Ita kuwa mai batir, tana cin batir mai bol 9, kuma muddin waya tana soke a jikinta batirin yana ƙarewa ko ba a kaɗawa. Da yawa sun gane haka ne a tsakiyar biki, lokacin da sautin ya fara shaƙewa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne daidaita jitar. Mutum yakan sayi sabuwa, ya ga tsirkiyoyin sun yi nesa da wuyan jitar, yatsunsa suna ciwo, sai ya ɗauka hannunsa ne ba ƙarfi, har wani ya haƙura da koyon gaba ɗaya, alhali laifin na jitar ne. Firet su ne ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitar. A firet na 12, tazarar da ke tsakanin tsirkiyar E da ƙarfen firet ɗin bai kamata ta wuce milimita biyu zuwa uku ba. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa don miƙe shi ko sassauta shi, kuma ba a juya ta fiye da rubu'in zagaye a lokaci guda. A juya kaɗan, a sake ɗaure tsirkiya, a duba. Wanda ya murɗa ta da ƙarfin tsiya yana iya karya ta, kuma gyaran nan yakan kusa kuɗin wata jitar. A nan arewa wannan magana ta fi muhimmanci, domin katako yana shan danshi da damina, da hunturu kuma ya bushe ya tsuke, wuya ya motsa, bakin firet ya fito yana yankar hannu. Jitar da aka daidaita a Legas, da ta kwana biyu a Kano ko Jos cikin watan Janairu sai ta canza hali. Don haka ka duba ta duk lokacin da yanayi ya juya, kada kuma ka bar ta a cikin mota da rana.

Sai batun wuta, wanda ya cinye amfilifaya fiye da yadda ake tsammani. Wutarmu bol 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Idan ka sayi ta hannu wadda ta fito daga can, ka karanta rubutun da ke bayanta kafin ka jona. In an rubuta 120 kaɗai, sai da taransifomar rage wuta. Ka haɗa da sitabilaiza, musamman inda ake aiki da janareto. Kada ka soka bas a amfilifayar jita ta yau da kullum ka ƙure murya, domin lasifikarta ba a yi ta don ɗaukar sauti mai nauyi haka ba, za ta yage. Wayar da ke tafiya daga jita zuwa amfilifaya daban take da wadda ke tafiya daga amfilifaya zuwa lasifika, ko da yake kawunansu sukan yi kama. Don atisaye a ɗaki wat 20 zuwa 25 ya isa, amma in za ka tsaya kusa da mai ganga, a ganina ka nemi wat 200 ko sama.

Akwai kuma ɗabi'ar ƙure maɓallin nauyin sauti a rage na tsakiya. Kai kaɗai a ɗaki abin yana da daɗi, amma a cikin ƙungiya sai ka ɓace, jama'a su ji ƙasa tana girgiza ba su san wane sauti kake bugawa ba. Sautin tsakiya shi ne ke sa a gane ka.

Game da hannu, kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne barin tsirkiyoyin da ba a bugawa suna ta amo. Babban yatsan hannun dama da yatsun hagu da ba sa aiki su ne masu kashe wannan amon, kuma wannan ya fi gudun yatsa wahalar koyo. Masu koyo sukan yi ɗokin salon mari da babban yatsa tun ba su iya riƙe lokaci ba, ga shi kuwa an ce sai an durƙusa kan a tsaya. Ka sauke manhajar ƙirga lokaci a wayarka, ka sa ta a bugu 60 a minti, ka buga sauti ɗaya har ya zauna daram. Ka saurari yadda Aston Barrett, mai kaɗa bas na Wailers, ƙungiyar Bob Marley, yake barin fili tsakanin sauti da sauti a faya-fayensu, ka kuma koyi bin babbar gangar ƙafa. Ka ɗauki kanka a waya kana atisaye ka saurara, domin a nan ne za ka ji inda kake riga ganga da inda kake makara.

Idan ka samu wadda kake so, ka turo hoton wuyanta daga gefe da hoton bayan amfilifayar a nan kafin ka biya, mu duba maka.