Idan Kai Ya Ɗau Zafi A Gaban Alƙali

TAMBAYA: Ranka ya daɗe Barista, shekarata biyu da fara aikin lauya. A ofis komai yana zaune daram a kaina, amma da zarar alƙali ya katse ni da tambaya, ko lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce bai yarda ba, sai komai ya bi iska. Makon jiya na manta tambayar da shari'ar ta rataya a kanta, sai da shaida ya sauka na tuna. Anya aikin nan nawa ne kuwa?
Daga wata sabuwar lauya.

AMSA: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba a kanki aka fara ba. Mahatma Gandhi ya zama lauya a Landan a 1891, amma a shari'arsa ta farko a wata ƙaramar kotu a Bombay, da ya miƙe zai yi wa shaida tambayoyi, kansa juyawa ya yi, ko tambaya ɗaya ya kasa. Ya koma ya zauna, ya mayar da kuɗin aikin da aka ba shi.

Kin ɗora wa ƙwaƙwalwarki kayan da suka fi ƙarfinta ne. A 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya ce abubuwa kamar bakwai mutum ke iya riƙewa a kai lokaci guda. A 2001 Nelson Cowan ya ce kamar huɗu ne ma kawai. Ga bugun zuciya, ga idon alƙali, ga wanda kike karewa ya zuba miki ido, ina sauran wurin da tambayarki za ta zauna?

Ni ma na sha wannan kunyar. A shekarata ta uku na shiga kotu da bayanai shafi goma sha biyu, ina ji da kaina. Alƙali ya ce in nuna masa inda shaida ya faɗi abin da nake jingina masa. Na yi ta juya takardu, gumi na keto mini, har ya ajiye alƙalami yana kallona. Tun daga ranar na koma takarda ɗaya tak ga kowane shaida: abubuwa uku da dole in fitar daga bakinsa, kowanne da lambar shafinsa a kundin shari'a. Wanda na samu sai in soke shi. Kuma ba na cewa "Ba ni da sauran tambaya, ya Mai Shari'a" sai na duba takardar nan. Da kin yi haka makon jiya, da shaidanki bai sauka ba.

Idan aka katse ki, ɗora yatsa daidai inda kika tsaya, sannan ki ɗago kai. Ki saurari tambayar alƙali har ƙarshe, ki fara da amsar, e ko a'a, bayani ya biyo baya. In ba ki sani ba, nemi izini ki duba. Shirun daƙiƙa biyar a wurinki kamar shekara ne, amma alƙali yana can yana rubutu, sau da yawa bai ma lura ba. Wasu abokan aikinmu kuwa, Allah ya shirye mu, da gangan suke miƙewa don kawai su ɗaga miki hankali. Kada ki kalle su, alƙali kike yi wa magana.

Sai waya. Saƙo ɗaya daga wani da kike karewa a wata shari'ar daban, in kika karanta shi a bakin kotu, da shi za ki shiga ciki. Ni nakan kashe tawa minti talatin kafin a kira ƙara, in zauna ni kaɗai da takardata, in karanta ta sau biyu. Daren shari'a kuma ba na raba dare ina ƙarin karatu, don na gwada, washegari har sunan shaidata sai da na kuskure.