Ɗakin Mma da sanyin hunturu: a sa tayil da hita, ko a fara da silin?

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya saka muku da alheri, ke da yayanki, da kuka damu da jin daɗin tsohuwa. Kin ce kuna gyara wa Mma ɗakinta a gidanku na unguwar Aboabo a Kumasi, tana fama da ciwon gwiwa, duk hunturu sai ta ce sanyi na shiga mata ƙashi. Yayanki da ke Hamburg kuma ya ce a liƙa wa bango abin tare sanyi irin na can, a shimfiɗa tayil, shi zai turo hita. Kina tambaya ko a bi maganarsa. Ni magini ne, na yi wannan aikin a Jamus kafin in dawo Kumasi, saboda haka na san abin da yake gani a can har ya ba da wannan shawara. Amma ki ba shi haƙuri, ya riƙe kuɗin hitar tukuna.

A can, waje yana sauka ƙasa da sifili, cikin gida kuma ana so ya tsaya wajen digiri 20. Tun daga Oktoba har Afrilu ana hura ɗumi a gidaje, shi ya sa muke liƙa wa bango farin soso mai kaurin santimita 15 ko fiye, tagogi su zama gilashi biyu ko uku, wani gidan ma a binne bututun ruwan ɗumi a ƙarƙashin daɓe. Duk don kada ɗumin da aka saya da kuɗi ya tsere. Mu nan Kumasi, asubar da ta fi kowace sanyi a Disamba ko Janairu da wuya ta sauka ƙasa da digiri 18 zuwa 20 ɗin nan. Wato sanyin da Mma ke kuka da shi, kusan shi ne ɗumin da Bajamushe ke biyan kuɗi ya samu. Ba wai ta yi ƙarya ba, jikin tsoho ba ya riƙe ɗumi kamar na yaro. Abin da ke damunta iska ce mai ratsa ɗaki, da ƙasa mai zuƙe ɗumin ƙafa, da ruwan alwalar asuba. Kuma ki tuna hunturunmu makonni ne. Da zarar Fabrairu ta yi nisa zafi ya dawo, ya haura digiri 33. Idan kuka toshe ɗakin nan ruf irin na Turai, a watan Maris tanderu kuka gina mata.

Bari in fara da ƙasa, tunda nan kuɗi ya fi tafiya. Tayil da katako idan suna ɗaki ɗaya zafinsu ɗaya ne, bambancin shi ne tayil yana saurin janye ɗumin tafin ƙafa, katako da tabarma ba sa yi. Haka tarazo, haka daɓen siminti. To mutumin da zai sauko daga gado ƙarfe huɗu na dare, ya taka, ya tsaya salla, ya zauna lazimi har gari ya waye, shi ne zai fi kowa jin wannan. Ga kuma abin da ya fi sanyin ma tayar min da hankali: tayil mai sheƙi, irin wanda kowa ke so yanzu saboda yana kyau a hoto. Ɗigon ruwan buta kaɗan ya isa ya kayar da tsohuwa, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun ba ƙaramin abu ba ce. Na san gidan da haka ta faru, watanni aka yi ana jinya.

Duk da haka ban ce kada a sa tayil ba. A Aboabo, inda ƙasa ke riƙe ruwa, shi ne mai jurewa. Sai dai a zaɓi mai kaushi, wanda idan kika shafa da jiƙaƙƙen hannu ba ya zamewa. Ki jiƙa hannun a shagon ki gwada, kada ki ji kunyar mai kaya. Sannan a saya mata darduma mai kauri a gaban gado da wurin salla, irin wadda ake naɗewa a kai rana, a sa mata roba a ƙasa don kada ta ja. Kafet mai rufe ɗaki gaba ɗaya kada ku kusance shi. Ƙurar hunturu za ta cika shi, damina ta zo ya sha danshi ya fara wari, tari ya biyo baya. Katakon kwali da ake shigowa da shi, mai kama da katako na gaskiya, da ya sha ruwa yake kumbura ta baki-baki. Katako na ainihi, odum ko tik, yana da daɗin taku ƙwarai, kuma a kasuwar katako ta Sokoban za a samu, amma sai wanda ya bushe sosai, aka yi masa maganin gara, ga tsada. Idan aljihu bai kai ba, daɓen siminti mai kyau da ledar ɗaki mai kauri ma ba abin kunya ba ne.

Abin da magina da yawa ke tsallakewa shi ne baƙar ledar da ake shimfiɗawa kafin a zuba kankare. Ita ke hana danshi tasowa daga ƙasa. In ba ita, ko wane irin tayil kuka sa, ƙasan bango zai riƙa jiƙewa, fenti ya ɓare, ɗakin ya yi sanyi mai nauyi. Wannan ma shi ne ainihin sanyin Kumasi, na Yuli da Agusta, lokacin da rana ke kwana da kwanaki ba ta fito sosai ba. Ki tambayi Mma, ina da tabbacin gwiwar tana damunta a lokacin ma. Tunda za a fasa daɓen, ki tsaya da kanki ki ga an shimfiɗa ledar, bakinta ya hau kan juna, an ɗaga ta jikin bango kaɗan.

Inda maganar yayanki ta yi daidai shi ne sama. Kwano da rana yana gasa ɗaki, da dare kuma shi ke fara hucewa ya saki duk ɗumin. Saboda haka idan za a sa abin tare zafi da sanyi, a kan silin ya kamata ya zauna, ba a bango ba. Ko POP ne, ko filawud, ko silin roba, a shimfiɗa audugar gilashi a samansa mai kaurin santimita 5 zuwa 10, in za a taɓa rufin kuma a sa takardar nan mai ƙyalli a ƙarƙashin kwanon. Wannan kuɗin ba ya faɗuwa, domin yana aiki a Janairu, yana aiki a Maris, har ƙarar ruwan sama yana ragewa. Mai aikin dai ya sa safar hannu ya rufe hanci, audugar tana ƙaiƙayi.

Taga kuma, iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Ki duba wace taga ce ke kallon can. Gilashin luba ba ya rufuwa gam, ko sabo ne. Ko dai a canza waccan guda ɗaya zuwa mai zugewa, ko a rataya labule mai nauyi da ya wuce faɗin tagar. Sauran a bar su, za a buƙace su da zafi. Ƙasan ƙofa ma a buga masa roba.

Hitar yanzu. Irin wadda ake sayarwa a can yawanci wat 2,000 ce, wato yunit 2 duk awa. Idan ta yi awa biyar ta cinye yunit 10 a dare ɗaya, abin da fanka kusan talatin za su ci tare. Kin fi ni sanin yadda mitarku ta ECG, kamfanin wutar lantarki, ke kuka. Wayoyin tsofaffin gidajenmu na zango kuma ba don irin wannan nauyi aka ja su ba, musamman idan aka jona ta a doguwar wayar da ake raba wuta. Ga shi tana ƙara busar da iskar da dama a bushe take, leɓe ya tsage, hanci ya yi haɓo. Ta Jamus aƙalla wutarta ɗaya da tamu, volt 230, sai dai a canza mata kai. Masu 'yan uwa a Amurka su kula, tasu ta volt 120 ce, kuna jonawa za ta ƙone. Kuɗin hitar gara a sayi butar lantarki da babban filas, ruwan alwala ya kwana da ɗumi ko an ɗauke wuta, a haɗa da bargo mai kyau da safa da jakar robar nan ta ruwan zafi da ake sa wa a ƙafa, a naɗe ta da zane kada ta ƙona fata. Man kaɗe kuma Mma ta fi mu sanin aikinsa.

Wani ɗan uwa da ya ba ki amsa kafin ni ya ce a shigar mata da kurfoti, wato murhun gawayi, ɗaki da dare, haka iyayenmu suka yi. Malam, da girmamawa, wannan kam a'a. Gawayi yana fitar da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi, kuma ko garwashin ya yi ja babu hayaƙi tana nan tana fita. Ɗakunan zamanin da suna da ɓula ta ko'ina, iska na shiga tana fita. Ɗakin da aka yi wa silin, aka gyara taga, aka toshe ƙasan ƙofa, shi ne mafi haɗari. In tana son jin wuta, ta ji a tsakar gida da yamma, a kashe a can.

Kafin ku sayi ko buhun siminti ɗaya, ki ja gadon da akwatunan daga jikin bango ki duba ƙasansa. Idan kin ga fenti ya kumbura ko farin gishiri ya fito, ki ɗauko hoto ki turo, har da na rufin daga ciki, sai in gaya miki ko ledar kaɗai za ta isa ko sai an taɓa bangon ta waje. A gaida Mma da jiki, Allah Ya ƙara mata lafiya.