Tambaya da Amsa: Zan iya yi wa tsohuwar OptiPlex ɗina obakulokin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da kwamfutar tebur Dell OptiPlex 7010 'yar Beljiyam, irin siririyar nan, furosesarta i3-3220 ce, ram 4GB da hadi disk. Aikin hotuna da katin biki nake yi a CorelDRAW, yanzu kuma na fara haɗa bidiyon biki, to wallahi in na sa ta fitar da bidiyo sai in je masallaci in dawo ba ta gama ba. Wani abokina ya ce in yi mata obakulokin za ta ƙara gudu ba sai na kashe ko sisi ba, wani kuma ya ce in sayi i7 mai K in saka. Wanne zan bi?
Daga mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Maganar obakulokin dai, wato tilasta wa furosesa ta yi gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta, ka cire ta a ranka, a wannan kwamfutar ba zai yiwu ba, kuma ko da zai yiwu ni ba zan ba ka shawarar sa ba.

Ga yadda abin yake. Gudun furosesa lissafi ne, akwai agogon tushe mai 100MHz sai a ninka shi da wata lamba, taka lambar 33 ce shi ya sa take gudu a 3.3GHz. Obakulokin shi ne ka ɗaga lambar nan, to Intel, kamfanin da ke ƙera furosesar, sun kulle ta a duk i3 na wannan zamanin, wato zamani na 3, masu K a ƙarshe irin i5-3570K da i7-3770K ne a buɗe. Kuma su ɗin ma sai an ɗora su a kan bod, wato babban allon da komai ke zaune a kai, mai cif Z77 ko Z68 ko P67, taka kuwa Q77 ce, an yi ta ne don ofis, ta yi aiki shekara da shekaru ba tare da an taɓa ta ba, ka shiga BIOS ɗinta, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka duba lungu da saƙo ba za ka ga wajen canza lambar ba. Don haka mai cewa ka sayi i7 mai K kuɗinka kawai zai sa ka ƙara, za ta tashi ta yi aiki amma a gudunta na kamfani, K ɗin da ka biya kuɗinsa ba zai amfane ka da komai ba.

Sai kuma zafi, wanda shi ne masu bidiyon obakulokin a YouTube ba sa lissafawa da mu, su suna ɗaki mai sanyi da manyan fankoki. Mu nan Kaduna a watan Maris da Afrilu shago da rufin kwano kai kanka ka san yadda yake da azahar, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ƙarfen sanyaya furosesar tun Disamba, ga wuta tana hawa tana sauka, an koma janareta an dawo. Siririyar 7010 fawa fak ɗinta, wato akwatin da ke ba ta wuta, wat 240 ne kacal, fankarta ƙarama. Furosesar da aka matsa wa tana ƙara shan wuta tana ƙara zafi, in zafin ya kai iyaka da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, ka ga an yi ba a yi ba kenan.

Abin da ni zan ce ka yi, ka fara da SSD, wato ma'ajiya irin ta hadi disk amma mai sauri wadda ba ta juyawa, kafin komai. Mafi yawan nauyin da kake ji wajen kunna kwamfuta da buɗe Corel ba laifin i3 ba ne, hadi disk ɗin nan ne mai juyawa da ram 4GB da Windows ya kusa cinyewa shi kaɗai. Ka sa SSD na SATA ko 256GB ne ka ɗora Windows da manhajojinka a kai, tsohon hadi disk ɗin ya zama ma'ajiyar bidiyo. Ram kuma DDR3 take ci, na desktop mai tsawo ba na laftof ba, ramuka huɗu gare ta, ka kai ta 16GB in da hali, in babu ko 8GB, kuma ka sa su biyu-biyu masu girma ɗaya a ramuka masu kala ɗaya. Wannan kaɗai sai ka ɗauka sabuwa aka kawo maka.

Amma fitar da bidiyo kam aikin furosesa ne, nan ne canji yake da amfani sosai. Soket ɗinka, wato mazaunin furosesa a kan bod, LGA1155 ne, mafi ƙarfin da ya dace da ita shi ne i7-3770 mara K, ta 2012, koa huɗu tiredi takwas, wato ƙwaƙwalwa huɗu masu ɗaukar layin aiki takwas a lokaci ɗaya, tana gudu 3.4GHz ta haura har 3.9GHz da kanta in aiki ya yi nauyi, taka kuwa koa biyu ce tiredi huɗu kuma ba ta da wannan haurawar. In aljihu bai kai ba i5-3470 ma ba laifi, koa huɗu ce kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Kar a sayar maka da i7-4790 a ce ai ta fi sabunta, ita soket 1150 take ci na OptiPlex 7020 da 9020, ba za ta zauna a taka ba ko ka danna.

Wajen sakawa nake so ka natsu. Cire wayar wuta, ka kwance sukurori huɗun fankar, ka ɗaga ɗan ƙarfen da ya danne furosesar. Da ka ɗauke ta za ka ga ƙananan allurai sama da dubu a jikin soket ɗin, sirara kamar gashi, ɗaya ta lanƙwashe bod ɗin na iya tafiya kenan, don haka kar yatsa ko bakin sukudireba ya kusance su. Sabuwar tana da 'yan tsagu biyu a gefe, ka daidaita su ka ajiye ta a hankali ta zauna da kanta ba dannawa. Goge tsohon man da ya bushe ya zama kamar alli, ka ɗiga sabon tamal fes, wato man da ke kai zafin furosesa zuwa ƙarfen sanyaya ta, kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka busa ƙurar da bulowa kafin ka mayar. Ita i7 wat 77 take ja, i3 ɗinka 55, to ka sauke manhajar HWMonitor mai nuna zafi ka sa ido lokacin fitar da bidiyo, in ka ga tana zama sama da digiri 85 a sake duba zaman fankar. Kuma in za ka saya a shagunan Ahmadu Bello Way ko cikin Kasuwar Gumi, ka ɗauki kwamfutar ka je da ita a gwada a gabanka, ka buɗe manhajar CPU-Z ka ga sunan furosesar da idonka kafin ka miƙa kuɗi.

Abu ɗaya da zan tuna maka, ko ka sa i7 ɗin Windows 11 ba ta karɓar wannan zamanin a hukumance, daga zamani na 8 take farawa, Windows 10 kuma Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025. Don haka kar ka zuba kuɗin da ya kusa na sayen OptiPlex 7060 mai furosesar zamani na 8, a gyara ta ta ci gaba da kawo na cefane kana tara na wata.

TAMBAYA: Malam ni OptiPlex 790 gare ni, na sa mata i7-3770 ta zauna daram amma ta ƙi kawo hoto. Furosesar ce ta lalace?
Daga wata mai shagon buga takardu a Kawo.

AMSA: Hajiya da wuya in ta lalace. Soket ɗin ɗaya ne da na 7010 shi ya sa ta zauna, amma 790 da 990 furosesar zamani na 2 kawai suke karɓa, i7-3770 kuwa ta zamani na 3 ce, cif ɗinsu bai san na 3 ba. Ki mayar wa mai shagon ya canza miki da i7-2600 ko i5-2400, kafin nan ki maida tsohuwar ki ga ta tashi, in ta ƙi to a duba alluran soket ɗin da fitilar waya.